Baba Mai Salansa da Kujerar Baya

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe ƙofar garejinsa, kuma ba da sifana yake fara aiki ba. Sai ya share bakin ramin da ake hawar da mota a kai, ya jiƙa tsummoki biyu, ya kaɗa ruwan sabulu a wata tsohuwar gorar roba, sannan ya nufi motocin da suka kwana. Dokarsa ce, duk motar da ta zo da matsalar salansa kwana take yi. Ya ce ƙarfe idan ya ɗauki zafi kumbura yake ya rufe tsagar da ke jikinsa, saboda haka motar da ta shigo da zafinta ƙarya take yi wa mai gyara. Da sanyin safiya take faɗin gaskiya. Ƙanensa, wanda suka shekara ashirin suna aiki tare, shi ke tayar da inji. Baba yana cikin rami, ya karkata kai, yana sauraren wani ɗan tak-tak-tak da ba ya wuce minti biyu ya ɓace. In ya ji shi, sai ya ce a toshe bakin salansa da jiƙaƙƙen tsumma, ya bi bututun da ruwan sabulu. Inda kumfa ta tashi, nan ɓarnar take.

Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye. Kunnen hagu ya riga ya tafi. Na dama kuwa, likita ya ce in ana so ya rage na jin gaisuwar jikoki, to a raba shi da ƙarar mota.

Masu motoci suna ce masa Baba mai salansa. Maƙwabtansa na layin gareji, mai faci da mai fenti da mai wayarin, Minista suke kiransa. Dalili shi ne ba ya sallamar mota sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa jarida a kujerar baya, ya zauna, an ɗaga gilasai, mai motar ya zagaya da shi kamar minti goma.

"Mu duk a ƙasa muke gama aikinmu," in ji mai faci. "Shi kuwa sai an ja shi. Jiniya kaɗai ta rage masa."

Wannan ɗabi'a ce ta kai ni garejin. Salansa a ƙarƙashin mota take, me ake nema a kujerar baya? Duk wanda na tambaya a layin, labari ɗaya ya nuna mini: na wani lauya, da shuɗiyar motarsa, da 'yarsa mai shekara bakwai wadda ta yi wata huɗu tana ciwon kai ba a gano dalili ba. Na ji labarin daga bakin lauyan, da ƙanen Baba, da mai faci, kuma bai saɓa ba sai a ƙananan wurare.

Motar irin wadda masu ƙera ta suka sa wa injin tsere ne amma suka bar mata ƙofa huɗu da kujerun iyali. Gajera ce, cikinta kusa da ƙasa, da bakin salansa biyu a baya. Masu irinta suna son a ji zuwansu. Daga inji zuwa baya, hayaƙi yana bi ta tukwane uku. Ta farko matata ce, cikinta kamar saƙar zuma, ita ke ƙone mafi yawan gubar da ke cikin hayaƙi. Ta tsakiya ƙarama ce, tana gyara sauti. Ta ƙarshe babba, ita ke kashe ƙara. Mai son ruri sai ya sa a rage masa tukwanen.

Haka lauyan ya yi bara. Wani mai walda a wata unguwa ya cire masa matata da tukunyar tsakiya, ya haɗa miƙaƙƙen bututu, ya sa sababbin bakuna masu ƙyalli. Motar ta samu rurin da ake so. Sai dai idan ta hau babban titi, wani gurnani yakan cika cikinta har mutum ya ji kunnensa na bugawa. Wannan ne ya kawo shi wurin Baba, ba maganar yarinya ba.

"Baba, gurnanin nan kaɗai za ka cire mini," ya ce. "Rurin kuwa kada ka taɓa. Da ƙyar na same shi."

"To, Lauya. Ka bar ta ta kwana."

"Ina da kotu gobe."

"Ita ma tana da tata shari'ar da safe. Ka zo ƙarfe bakwai."

Washegari Baba ya saurari injin a sanyi, bai ji tsaga ba. Sai ya ce a fita da shi tun kafin ya taɓa komai, don ya ji gurnanin da kansa. Da ya zauna a baya, ya ga wata 'yar gorar ruwa a aljihun kujera, da ƙaramin matashi. Ya kuma ga an sauke abin ɗora hannu na tsakiyar kujerar, an bar 'yar ƙofar da ke bayansa a buɗe, wadda ke leƙawa cikin but, wurin zuba kaya a bayan mota.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Ni ne, Baba. Ta nan sautin yake shigowa sosai."

Suka hau babban titi. Lauya ya sauke gilashinsa kamar faɗin yatsa biyu, yadda ya saba, don ya ji rurin ta waje ma. Bai fi minti biyar ba Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Gangara ka tsaya. Buɗe ƙofofin duka."

Suna tsaye a gefen titi ya tambaye shi wa ke zama a kujerar nan.

"Autata ce. Ni nake kai ta makaranta."

"Tafiyar minti nawa?"

"Arba'in, in akwai cunkoso awa guda."

"Tana barci a hanya?"

"Kullum. Kafin mu yi rabi ta yi barci. Shi ya sa aka sa mata matashi."

"In ta tashi fa? Kai ba ya mata ciwo?"

Lauyan ya gaya mini cewa a nan ya juyo ya dubi Baba, don bai taɓa yi wa tsohon nan maganar gidansa ba. Sau uku suka kai ta asibiti. An gwada jini, an gwada ido har an yi mata tabarau, an hana ta kallon waya. Malamarta ta rubuto cewa a darasin farko yarinyar ba ta fahimtar komai, wani lokaci har da tashin zuciya, amma kafin tsakar rana ta ware. Ranakun da babu makaranta kuwa lafiyarta ƙalau. Wannan ya sa uwar ta yanke hukunci cewa lissafi take gudu, tunda shi ne darasin farko. An yi mata faɗa, an hana ta wasa na mako guda, an ce ta daina ƙarya.

"Hayaƙin motarka take sha," in ji Baba.

"Haba Baba! Da na ji wari mana."

"Wanda ke wari gargaɗi yake yi. Wanda ke kisa ba shi da wari."

"To ai ni ma cikin motar nake."

"Kai hancinka yana bakin gilas, kuma ka ninka ta huɗu a girman jiki. Gilashin nan da kake saukewa ma shi ke zuƙo iskar but zuwa gaba. Ta kanta take bi kafin ta iso gare ka."

Lauya mutum ne da ke cin abinci da gardama, bai yarda nan take ba. Ya ce but a rufe yake, ta ina hayaƙi zai shiga? Baba bai ja da shi ba. Suka koma gareji gilasai duka a sauke. Ya sa ƙanensa ya ɗaga shimfiɗar but, ya fitar da tayar ajiya. A ƙasan wurin akwai rami mai faɗin babban yatsa, wanda masu ƙera motar suka toshe da roba. Mai waldar farko ya cire robar, ya zura ƙarfen rataye sabuwar salansa ta ciki, ya ɗaure da noti, ya bar gefen a buɗe. Baba ya karɓi farin hankicin da ke aljihun lauyan, ya goga a bakin ramin, ya miƙa masa. Baƙi ƙirin.

Sannan ya sauko da shi cikin rami, da kwat ɗinsa da komai, ya haska masa tocila. Bakunan nan masu ƙyalli an datse su sun tsaya yatsa uku a cikin bamba, don su yi kyan gani daga baya. Cikin bamban duk ya yi baƙi. Baba ya yi masa bayani: mota idan tana gudu, iskar da ke bayanta juyowa take ta bi ta, kamar yadda ƙura ke manne wa gilashin baya. Hayaƙin da ba a jefa shi waje sosai ba, sai ya naɗe ya koma ƙarƙashi, ya nemi ƙofa. Ga ƙofa an bar masa. Ga matatar da za ta rage masa dafi an cire. Ga kuma mai mota da hannunsa ya buɗe masa hanya har gefen matashin 'yarsa.

Mai faci, wanda ke tsaye a bakin ramin, shi ne shaida. Da lauyan ya fito daga ramin, abin da ya ce shi ne:

"Baba, gobe kaɗai. Motar gidan tana wurin gyara. In kai yarinyar makaranta gobe gilas a buɗe, jibi in kawo maka motar."

Baba ya ɗora makullin a kan bencin aiki.

"Motarka ce, ɗana, ga makullinka. Ka kai ta kotu, ka kai ta inda kake so. Amma yarinyar nan ba ta sake shiga. In ba za ka iya gaya wa uwarta ba, ba ni lambar in gaya mata."

Lauyan ne ya kira ta da kansa, a gabansu. Ƙanen Baba ya ce suna ji ya gaya mata komai. Sannan muryarta ta fito: "Ni da na ce mata ƙarya take yi."

Motar ta kwana uku a garejin. Yarinyar kuma aka mayar da ita wurin likita, wannan karon da labarin hankicin. A nan ya kamata a faɗi abin yadda yake. Gwajin da aka yi mata bai nuna wani abu mai yawa ba, kuma likitan ya ce ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan guba tana barin jini bayan wasu sa'o'i a iska mai kyau. Ya ce alamun sun dace, a raba ta da motar a gani. Mako biyu maƙwabciya tana kai ta makaranta tare da nata 'ya'yan. Ciwon kan bai dawo ba, kuma bai dawo ba har yau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Baba ya yi da motar. Na ɗauka zai mayar da ita shiru kamar motar asibiti, ya haɗa wa mai ita da wa'azi. Bai yi haka ba. Ya sa sabuwar matata, ya mayar da robar ramin but, ya yi waldar marataya a wurin da aka tanada mata, ya ƙara wa bakunan tsawo suka leƙo yatsa biyu a wajen bamba. Sannan ya zauna wa gurnanin. Ya ce kowane bututu yana da saurin da yake amsa amo, kamar yadda ake hura bakin kwalba, kuma maganinsa ƙaramar tukunya ce a daidai wurin da ya dace. Sau uku yana matsar da ita, tafin hannu gaba, rabin tafi baya, kowane karo sai ya fito ya wanke hannu ya shiga baya an zagaya da shi. A karo na uku ya ce a tsaya haka.

"Sauti ba laifi ba ne," ya ce mini. "Mai motar nan don shi ya saye ta. Amma akwai sauti, akwai hayaniya. Sauti a baya ake barinsa, mutanen titi su ji. Hayaniya ita ke zama cikin mota tare da kai."

Lauyan ya yarda cewa rurin ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, amma ya fi kauri. Abokansa masu irin motar har suna tambayar wa ya yi masa. Biyar daga cikinsu sun zo. A biyu Baba ya sami bakin salansa a cikin bamba.

Na tambaye shi yaushe ya fara zama a baya. Sai da na maimaita tambayar a kunnen dama.

"Uwar yarana ce ta jawo," ya ce. "Shekara ta uku da fara aiki, na gyara wa wani maƙwabcinmu salansa, ina ta alfahari. Ya ɗauke mu zuwa dubiya, ni a gaba, ita a baya. Da muka sauka ta dafe kai ta ce, wannan motar kai ka gyara ta? Na ce ni ne. Ta ce, to ka gyara wa direba, mu na baya ko oho. Na ji haushi ƙwarai. Kwana biyu ina cewa me ta sani a kan mota. A na uku na je na ce wa mutumin ya zagaya da ni a baya. Ashe ita ke da gaskiya."

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata bara," ya ce. Ƙanensa ya yi dariya har ya saki sifana.

Daga nan ya lura da abin da kowa ke gani amma ba a kula. Mai mota a gaba yake zama, mai gyara a gaba yake gwaji, mai sayarwa ma a gaba yake nuna ta. Waɗanda ke baya su ne yara, da tsofaffi, da mace mai goyo, wato waɗanda ba a tambayarsu yaya motar take, in kuma sun yi ƙorafi a ce raki ne. Salansa kuwa a ƙarƙashinsu take ƙarewa.

Baba, kai ne ka ɗauki ƙorafin matarka ka mayar da shi ƙa'idar aiki har shekara talatin da biyar. Kai ne maƙwabta suka yi wa dariya kullum, ka bi su da dariya, ka kuma shiga bayan motar. Ba ka yi karatun likita ba, kuma ba ka taɓa cewa ka yi ba. Abin da ka sani shi ne inda hayaƙi ke bi, kuma ka tsaya a kansa ran da mai ilimi ya so ya ja da kai. Tsohon kunne mai jin ciwon ƙarfe, ka ba aikin nan kunne ɗaya da rabi, ba wanda ya rubuta sunanka a allo. Motoci nawa ka toshe wa irin wannan rami ba tare da masu su sun san abin da aka kawar musu ba, kai ma ka ce ba ka ƙirga ba.

Garejin ba zai rufe ba, ƙanen ne zai ci gaba. Ya ce shi kunnensa bai kai na yayansa ba, kuma ba ya jin zai kai. Amma matar lauyan ta kawo musu wata 'yar na'ura mai girman akwatin ashana, wadda ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru a wuri, yanzu da ita ake shiga baya. Baba ya gwada ta a motoci goma kafin ya yarda da ita. Mai faci ya riga ya fara kiran ƙanen Ƙaramin Minista.

Mun gode, Baba. Allah ya ba da hutu mai albarka, ya bar maka abin da ya rage na ji. Masu walda da masu gyaran salansa, abin koyi a nan ba ya buƙatar sabon kayan aiki: kada a bar rami a buɗe a ƙasan but, kada a datse baki a cikin bamba don kyan gani, kada a cire matata don ruri, kuma a shiga baya kafin a miƙa makulli. Masu mota kuma, duk wanda ya taɓa sa aka canza masa salansa, ya ba wani tuƙi rana ɗaya ya zauna inda 'ya'yansa ke zama. In yaro ya ce kansa na ciwo a mota, a fara yarda da shi tukuna.

Makon jiya lauyan ya zo yi wa Baba sallama, ya taho da yarinyar. Ta sauko daga kujerar baya ta gaishe shi, ta leƙa cikin rami ta tambayi me ya sa aka haƙa shi, ta tambayi ko motoci na jin zafin walda, ta tambayi me ya sa yake juyo mata da kunne ɗaya.

"Ka gani ko, Baba?" in ji uban. "Da kafin mu yi rabin hanya ta yi barci. Yanzu daga ƙofar gida har ƙofar makaranta tambaya ce. Ko rediyo ba na ji."

Baba ya sa aka maimaita masa. Ya dubi yarinyar, wadda ta riga ta koma kan mai faci tana tambayarsa ina iskar taya take zuwa in ta fita.

"Wannan ƙarar ka bar ta yadda take, Lauya," ya ce. "Lafiyayyen inji ne."